Zanen Asali: Na Mai Kuɗi Ne Ko Na Mai Ido?

A watan Janairun 2021, a wani gwanjo da aka yi a birnin Faris, an sayar da takarda guda a kan kusan Yuro miliyan 3.2. Zane ne da Hergé, ɗan ƙasar Beljiyam mai labaran Tintin, ya yi a 1936 don bangon littafinsa Le Lotus bleu. Maɗaba'a ta ƙi buga shi a lokacin, domin fitar da launukansa zai ci kuɗi da yawa.

To me mai sayen ya saya? Ba labarin ba ne, don kowa na iya karanta shi da kuɗi kaɗan. Abin da takardar asali ta fi bugun jarida ko littafi da shi shi ne sawun hannu. Masu zanen labari a jaridu sukan yi aikinsu a takarda mai girma, sai a ƙanƙanta shi wajen bugawa. A kan ta asalin ne ake ganin shuɗin fensir da na'urar ɗab'i ba ta ɗauka, da farin fentin da aka rufe kuskure da shi, da ƙyallen takardar da aka manna don sauya maganar da ke bakin wani.

Mu dubi Charles Schulz na Amurka, wanda ya zana Peanuts daga 1950 zuwa 2000, zane 17,897, bai taɓa miƙa wa wani alƙalaminsa ba. A shekarunsa na ƙarshe hannunsa ya riƙa rawa, layukansa suka bi sahu. A jarida, ido kan wuce wannan. A takardar asali kuwa, dattijo muke gani yana kokawa da tawada, ya ƙi sakin aikinsa. Darasin da ɗalibin zane ke buƙata ke nan.

Inda muke da ja da wannan kasuwa shi ne wanda ke cin moriyarta. Jack Kirby, wanda shi da Stan Lee suka ƙirƙiro Fantastic Four da X-Men, ya sha dogon ja-in-ja da kamfanin Marvel kafin a mayar masa da takardunsa a 1987. Kimanin shafi 2,000 ya samu, daga cikin 10,000 zuwa 13,000 da aka ƙiyasta ya zana musu. Yau shafukansa na tashi da tsada a gwanjo: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba mu ce masu tara zane ba su da rana ba. A da, ana ɗaukar takardar asali tamkar ɓawo bayan an ci gyaɗa, a zubar ko a kyautar, kuma masu sha'awa ne suka tsirar da da yawa daga shara. Sai dai tsirarwa daban, ɓoyewa daban. Zanen da aka yi don miliyoyin masu karanta jarida, idan ya ƙare a akwatin ƙarfen mutum ɗaya yana jiran farashi ya hau, ya tashi daga aiki.

Shi ya sa muka fi yaba matakin Bill Watterson, mai Calvin and Hobbes (1985 zuwa 1995). Ya ajiye zanensa na asali sama da 3,000 a ma'adanar zane ta Billy Ireland da ke Jami'ar Jihar Ohio, inda masu bincike ke iya dubawa.

Yanzu da masu zane da yawa suka koma aiki a kwamfuta, inda ake share kuskure ba tare da ya bar tabo ba, irin waɗannan takardu raguwa za su yi. Duk wanda ke riƙe da ɗaya, amana ce a hannunsa. Ya kare ta daga rana da damshi, kuma ya bari a gani.