Zambo da Mulkin Ƙaramar Hukuma

Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Da wannan mudu ya kamata a auna zambo, watau a duba ko gyara yake nema ko kuwa cin mutunci kurum.

A dā zambo kayan fada ne. Makaɗa irin su Aliyu Ɗandawo, wanda ya yi wa Sarkin Kabi waƙa a Argungu kafin ya koma Yawuri, sukan yabi ubangidansu, kāna su muzanta ɗan sarkin da ke ja da shi, ba tare da kama suna ba. Akwai fasaha a ciki ƙwarai, amma babu rabon talaka, gama makaɗi ba ya sukan wanda ke ba shi doki da riga.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950 sai bakin mashin ya juya. Mawaƙanta, har da Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega, suka fuskanci masu iko. Kukan talaka a kan haraji da aikin tilas da zaluncin 'yan doka ya shiga waƙa, ya bi kasuwanni. Darajar sukan wancan zamani ita ce yana nuna laifin da En'e za ta iya amsawa.

Yau kuwa kowane saurayi a Nasarawa ta Birnin Kebbi, muddin yana da waya, ya zama makaɗin kansa a Facebook da TikTok. Amma galibin abin da ake yaɗawa ya koma salon fada: a yi wa ciyaman ba'a da tumbinsa, domin a faranta wa wani ubangida. Ana shan dariya, rijiyar unguwa tana nan a rushe.

Alhali ga abin magana tuli. Jihar Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba kowace ƙaramar hukuma kasonta kai tsaye. To, nawa ya shigo? Ina ya tafi? Zambon da ya ɗauko wannan tambaya, ya sa mata gishiri har jama'a suka riƙa maimaita ta, shi ne zai tilasta wa kansila ya ba da amsa. Wanda ya tsaya ga tumbi kuwa, roƙo ne ya sake riga.

Allah ya ba masu mulki kunnen ji, ya ba masu suka adalci, amin.