Littafin Abdulkarimu, Jakadan Ingila

Littafin da muke so mu auna yau na Dokta Barth ne, Bajamushen nan da gwamnatin Ingila ta aiko ƙasashenmu don ƙulla yarjejeniyar ciniki. Ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarimu. Ya yi shekara biyar yana tafiya, daga 1850 zuwa 1855, sa'an nan ya buga labarinsa juzu'i biyar a 1857 da 1858.

Abin yabo a littafin nan shi ne idon mai shi. Da ya bar Katsina a 1853 zai tafi wajen Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya bi ta Kurfi da Zakka, ta ƙasar Safana inda Tsaskiya take, ya nufi Zurmi. Bai ƙyale gari ko rijiya ko kasuwa ba, sai ya rubuta. Har ya shaida cewa Hausar Katsina ta fi ta ko'ina tsabta. Ɗan Tsaskiya da ya karanta zai ga ƙasar kakanninsa da tsoron yaƙin Gobirawa da ya rufe hanyoyinta.

Amma fa muna da magana. Da Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki a 1851 kan sha'anin gaisuwa, Barth ya kwatanta shi da mai kwaɗayi. Shin sarki ba shi da ikon ya binciki baƙon da ke auna ƙasarsa yana rubutawa? Barth ya faɗi tasa, ta Sarki kuwa babu ita a littafin. Jakada kunnen wanda ya aiko shi ne, kuma don shi yake rubutu.

Ku duba kuma. A 1853 Aliyu Babba ya ba shi takardar aminci ga fataken Ingila. Shekara 50 cif bayan haka, a 1903, sojan Ingila suka shiga Sakkwato. Ba mu ce laifin Barth ne ba, gama ya rasu tun 1865, amma waɗanda suka biyo baya ba su zo a makance ba.

To, 'yan makaranta, ku karanta shi, ku koyi lura irin tasa. Sa'an nan ku je wurin tsofaffin garinku, ku rubuta abin da suka ji daga iyayensu, don a ji ɗaya gefen. Allah ya ba mu iko, amin.