Mai Gida, Makaɗi da Masu Rawa: Nazari a kan Gidajen Kiɗa na Dakar

Makaɗi, kamar kowane mai sana'a, yana duban fuskar wanda ke ciyar da shi, kuma sannu a hankali, ko ya sani ko bai sani ba, kiɗansa yakan ɗauki siffar wurin da yake tsayawa in dare ya yi. Mu a ƙasar Hausa wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce, domin mun san cewa waƙar Narambaɗa ta sami nauyi da kamalar da ta samu ne saboda a fadar Sarkin Gobir na Isa aka rene ta, ta Mamman Shata kuwa ta yi faɗi har ta game talaka da basarake saboda shi bai ɗaure kansa ga ƙofar sarki ɗaya ba. Amma akwai wani irin ubangida na uku wanda zamani ya kawo, wato mutumin da ya kafa gida da kuɗin aljihunsa, ya ajiye makaɗa, ya sa mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa, ba shi da sarauta ba shi da baitulmali, arzikinsa duka yana rataye ga ko mutane za su dawo gobe. A ganina babu birnin da ya fi Dakar, babban birnin Senegal, bayyana abin da irin waɗannan gidaje ke aikatawa ga kiɗan gari, musamman a cikin shekaru ashirin na farko bayan samun mulkin kai a 1960.

Tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu fayafayan garmaho na kiɗan Kyuba suka fara shigowa biranen gaɓar teku, wasu ta hannun kamfanoni, wasu a jakar ma'aikatan jiragen ruwa, Dakar kuwa, da yake ita ce mazaunin mulkin Faransa na Afirka ta Yamma duka kuma tasharta ba ta rabuwa da jirage, ta sami rabo mai yawa. Har ta kai ga mawaƙa suna hardace baitocin Sifaniyanci suna rerawa daidai, alhali da yawansu ba su san ma'anarsu ba. A maƙwabciyar ƙasa Gine kuwa, Shugaba Sékou Touré ya rushe ƙungiyoyin makaɗa masu zaman kansu, ya kafa na hukuma, aka saya musu kaya, aka yanka musu albashi, aka umurce su da komawa ga waƙoƙin kakanninsu. Bembeya Jazz daga wannan tsari ta fito. Shugaba Senghor na Senegal, ko da yake shi kansa sha'iri ne, kuma a zamaninsa aka buɗe gidan wasan ƙasa na Daniel Sorano a 1965, aka yi babban bikin fasahar baƙar fata na duniya a Dakar a 1966, bai mai da makaɗan rawar dare ma'aikatan gwamnati ba. Ya bar su ga 'yan kasuwa.

Mafi girman tasiri cikin waɗannan 'yan kasuwa shi ne Ibra Kassé, mai gidan rawar da ake kira Miami, wanda ya haɗa ƙungiyar Star Band a daidai lokacin samun mulkin kai domin ta riƙa yi wa gidansa kiɗa. Wajibi ne mai karatu ya lura da yadda al'amarin kaya yake a wancan zamani, domin shi ne mabuɗin sauran bayani: jita mai lantarki da lasifika da saksofon duk daga Turai ake kawo su, tsadarsu kuwa ta fi ƙarfin saurayin da ke neman abin kai wa baka, saboda haka galibi kayan na mai gida ne, makaɗi hannunsa da muryarsa kaɗai ya mallaka. Wanda ya riƙe kaya shi ya riƙe sunan ƙungiya, shi ke ɗauka, shi ke kora, shi ke yanke ladan dare.

Wannan hali, duk da ƙuncinsa, ya haifar da wata fa'ida da ba a samun ta a kiɗan biki na kwana ɗaya, wato dawwama. Ƙungiyar da ke hawa dandamali ɗaya dare bayan dare, mako bayan mako, tana fara kiɗa bayan gari ya yi shiru ta kai kusan asuba, dole ta tara waƙoƙi masu yawa, dole mai ganga ya san numfashin mawaƙi, dole kowa ya koyi karanta ƙafafun masu rawa ya gane lokacin da suka gaji da lokacin da suke neman ƙari. Yaron da ya shigo sabo yakan zauna a gefe yana jiran a ba shi waƙa ɗaya a ƙarshen dare, kamar yadda ɗalibi ke lazimtar zauren malami shekara da shekaru, yana sauraren karatun manyansa kafin a zo kan nasa, har ya tashi da ilmin da ba a rubuta a littafi ba. Daɗin daɗawa, tun da mai gida ba ya tambayar asalin mutum sai iyawarsa, dandamalin Miami ya tara waɗanda da wuya su haɗu a wani wuri: Dexter Johnson mai busa saksofon ɗan Nijeriya ne, Laba Sosseh mawaƙi daga Gambiya ya zo, Amara Touré daga Gine, Barthélémy Attisso mai jita kuwa ɗan Togo ne da ya zo Dakar karatun lauya, ya kama kiɗan dare domin ya ɗauki nauyin karatunsa. Balla Sidibé da Rudy Gomis mutanen Kasamans ne, can kudancin ƙasar, inda harsuna da kiɗe-kiɗe suka sha bamban da na ƙabilar Wolof.

Ibra Kassé mutum ne mai tsanani, kuma tarihin Star Band, in an duba shi da kyau, tarihin ficewa ne. A tsakiyar shekarun 1960 Dexter Johnson da Laba Sosseh suka fita suka kafa Super Star. A 1970 aka janye wasu zuwa wani sabon gida. Wajen 1976 wani rukuni, cikinsu har da Pape Seck, ya ɓalle bayan saɓani da mai gida, ya zama ƙungiyar Number One. Kafin shekarun 1970 su ƙare samari mafi ƙuruciya suka tashi suka kafa Étoile de Dakar. Wani zai iya kallon wannan jerin rabuwa ya ce asara ce, amma ni ina ganinta rahama ce ga garin, domin kowace ficewa ta bar gurbi a Miami wanda dole a cike shi da sabon yaro, ta kuma haifar da sabuwar ƙungiya wadda dole ta zo da abin da uwarta ba ta da shi, in tana son ta janye masu rawa. Sharaɗin duka shi ne a sami wata ƙofa a buɗe. Makaɗin da ke garin da gida ɗaya ne kaɗai, in ya saɓa da mai gida, sai dai ya haɗiye ko ya bar sana'a. Na Dakar kuwa yana iya tsallaka titi.

Gidan da aka buɗe a 1970 shi ne Baobab, wato kuka, a tsakiyar birni, kuma manyan mutane ne suka kafa shi domin irinsu, cikinsu akwai Adrien Senghor, ɗan'uwan shugaban ƙasa. Ministoci da manyan ma'aikata da baƙin ƙasashen waje su ne masu zama a kujerunsa. Da an bi zato, da sai a ce a irin wannan wuri ne za a fi riƙe kiɗan Kyuba tsantsa, amma abin da ya auku ya saɓa wa zaton, domin a nan aka ɗora Laye Mboup, mawaƙin gado na Wolof daga ƙungiyar gidan Sorano, a kan jitar Attisso da gangunan Kyuba. Su Wolof suna da gidajen roƙo na gado da suke kira gewel, masu riƙe nasabar manya da kirarinsu, daidai da maroƙan fada a wurinmu. Muryar irin wannan mutum, mai kaifi mai tashi sama, wadda aka saba ji a wurin suna da ɗaurin aure, sai ga ta a gaban masu kwat da wuyan riga, su kuwa suka ji abin da kunnensu ya sani tun suna goye. Laye Mboup ya rasu a haɗarin mota a tsakiyar shekarun 1970, Thione Seck da Ndiouga Dieng, su ma 'yan gado, suka ci gaba da wannan tafarki, Sidibé da Gomis kuma suna kawo waƙoƙin kudu. Taƙlidi ya fara ba ijtihadi wuri, ba da umurnin kowa ba.

Amma babban juyi daga wani ɓangare ya zo. Dakar ta cika ta batse a waɗannan shekaru, musamman da farin da ya addabi ƙasashen Sahel, wanda mu ma ba mu manta da shi ba, ya koro mutanen karkara zuwa birni. Samarin da suka taso a unguwanni irin su Medina ba su da wata alaƙa ta zuci da Sifaniyanci, abin da ke motsa su shi ne gangunan sabar, waɗanda ake kaɗawa da hannu da sanda a taron mata da filin kokawa. Mai gida mai lissafi, komai son da yake yi wa kiɗan Kyuba, ba zai ga wannan taro yana wucewa ta ƙofarsa ya ƙyale ba. Sai tama, 'yar ƙaramar gangar hammata mai magana, 'yar'uwar kalangunmu, ta hau dandamalin Star Band. A nan ne Youssou N'Dour, wanda aka haifa a Medina a 1959, mahaifiyarsa daga gidan mawaƙan gado, ya shiga hidimar Kassé yana ɗan shekara goma sha shida, kuma daga nan ya fita da El Hadji Faye da Assane Thiam mai tama da sauransu zuwa Étoile de Dakar, inda aka kwashe salon sabar aka rarraba shi ga jita da sauran kayan zamani, aka rera da Wolof, aka ƙara sauri. Kiɗan da ake kira mbalax, wanda yau shi ne muryar Senegal a duniya, a gaban masu biyan kuɗin ƙofa aka gwada shi, aka gyara, aka sake gwadawa, abin da ya tayar da mutane daga kujera aka riƙe, abin da ya zaunar da su aka yar. Abin da Gine ta nema da doka, Senegal ta same shi ta hanyar ƙafafun masu rawa, kuma ina ganin na biyun ya fi kama ƙasa, domin bai dogara ga ran shugaba ɗaya ba.

Ba zai kyautu in wuce ba tare da na ambaci abin da ke zuciyar mai karatu Musulmi ba. Waɗannan gidaje wuraren dare ne, ana sayar da giya a cikinsu, iyaye da yawa sun ƙi 'ya'yansu su kusance su, mahaifin Youssou N'Dour ma bai so ɗansa ya bi wannan hanya ba da fari, kuma damuwarsu tana da hujja. Sai dai Senegal ƙasa ce ta ɗariƙu, wadda da yawanmu suka san ta ta dalilin Kaulaha da Shehu Ibrahim Inyass, kuma makaɗan nan 'ya'yan muridai ne da Tijjanawa, ba su bar aƙidarsu a bakin ƙofa ba. Da Wolof ya kori Sifaniyanci daga bakin mawaƙa, sai begen shehunnai ya biyo shi, har ƙungiyar gidan rawa na Sahel ta fitar da faifai a 1975 mai ɗauke da sunan Shehu Ahmadu Bamba na Tuba. Ko wannan haɗi ya dace ko bai dace ba, hukuncinsa na malamai ne. Abin da ya shafi nazarinmu shi ne harshen gida ba ya shigowa shi kaɗai, yakan zo da duk abin da masu shi suka ɗauka da girma.

Akwai kuma wata hidima da ba a cika yaba wa masu gidajen a kanta ba, ita ce adana. A lokacin da ɗakunan ɗaukar sauti na sosai suka yi ƙaranci a ƙasar, Moussa Diallo, mai gidan rawa na Sangomar a garin Thiès, ya riƙa ɗaukar ƙungiyoyi da 'yar na'urarsa, kuma da yawa daga abin da ake saurare yau na wancan zamani ta hannunsa ya tsira, har da ɗaukar da ya yi wa ƙungiyar Baobab a 1982, wadda daga baya ta fito a Ingila da sunan Pirates Choice.

To, amma masu biyan kuɗin ƙofa alƙali ne, alƙalin da ya ɗaga wani kuwa shi ke sauke wani, kuma ba ya duba tsufa ko tsohon alheri. Gidan Baobab ya rufe a ƙarshen shekarun 1970, ƙungiyarsa ta koma yawo daga wannan gida zuwa wancan, samari kuma suka bi mbalax suka bar ta da kiɗanta mai sanyi da natsuwa, har ta watse a 1987, Attisso ya ajiye jita ya koma Lome ya kama aikin lauya. Abin baƙin ciki ne a ce mutane masu irin wannan gwaninta sun rasa dandamali a garin da suka yi wa hidima, kuma da aka sake haɗa su a 2001, kamfanin World Circuit na Landan ne ya jawo haɗuwar. Wannan ita ce illar tsarin: kuɗin ƙofa yana rena sabon abu da kyau, amma ba ya ciyar da dattijo.

Shi kuwa Youssou N'Dour, da ya kafa Super Étoile a farkon shekarun 1980, ya nuna ya fahimci darasin Miami fiye da kowa, domin bai tsaya ga mallakar kayan kiɗa ba. Ya mallaki gidan rawa na Thiossane, ya kafa ɗakin ɗaukar sauti na Xippi da kamfanin fitar da waƙoƙi na Jololi, ya zama shi ne mai ɗauka da biya. Shekaru da yawa, ko bayan sunansa ya kai Turai da Amurka, in yana Dakar a ƙarshen mako a Thiossane ake samunsa, yana hawa dandamali can cikin dare, yana yi wa mutanen garinsu mbalax mai zafi da tsawo irin wanda ba ya sawa a fayafayan da ake sayar wa Turawa.