Birnin da Babu Shi: Wahayin Ezekiyel a Ma'aunin Yutofiya

A shekarar 1516 wani Baturen Ingila, Thomas More, ya wallafa littafi mai suna Utopia, inda ya siffanta wani tsibiri da babu mabaraci, babu kuma mai mallakar gona shi kaɗai. Kalmar daga Girkanci ya ƙera ta, ma'anarta wurin da babu shi. Amma duk wanda ya karanta littafin da idon basira zai ga cewa Ingila ce marubucin yake yi wa zambo, inda masu kuɗi ke korar talakawa daga gonaki don su kiwata tumaki. Wannan shi ne sirrin adabin yutofiya: a kwatanta ƙasar da babu ita domin a tona asirin ƙasar da ake ciki.

Manazarta sun ɗauki wannan ma'auni sun ɗora wa tsofaffin littattafan Ibrananci. Alal misali, a 2007 Steven Schweitzer ya yi littafi sukutum a kan yutofiya a Littafin Tarihi. Mu a nan za mu gwada ma'aunin a kan babi 9 na ƙarshen Littafin Ezekiyel, wato daga 40 zuwa 48.

Ezekiyel firist ne da aka kwasa zuwa Babila a 597 kafin Miladiyya. Bayan kimanin shekara 10 Nebukadnezzar ya rushe Urushalima, ya ƙone Haikalinta. A shekara ta 25 ta zaman bauta, in ji littafin, aka nuna masa sabon Haikali, wani mutum riƙe da sandar awo yana zagayawa da shi ƙofa-ƙofa. Mai karatu na iya gajiya da yawan lissafin kamu da taki. Amma a lura, mutumin da ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasarsa ne yake wannan awo. Da aka sāke gina Haikalin wajen 515 kafin Miladiyya, ba a bi wannan fasali ba, kuma har yau ba wanda ya gina shi.

To, mene ne amfanin fasalin da ba a gina ba? A nan ne ma'aunin yutofiya ya yi rana. Kusan kowace doka ta sabuwar ƙasar amsa ce ga wani laifi na tsohuwar. An rage wa mai mulki muƙami, ana kiransa shugaba, an yanka masa gonarsa, an hana shi ƙwace gādon talakawa. Wannan ya nuna sarakunan da suka gabata sun yi ƙwace. An ce a gyara mudu da ma'auni, ashe a da ana tauye su. An nesanta fada daga Haikali, domin a zamanin sarakuna bango kawai ya raba su. An raba ƙasa tsakanin kabilu 12, har baƙon da ya zauna ya haifi 'ya'ya an ba shi rabo. Sai kuma kogin da ya ɓuɓɓugo daga ƙarƙashin Haikali ya gangara ya mai da Tekun Gishiri ruwan daɗi. Wanda ya karanta babin nan ta wannan fuska zai ga tuhuma ce aka rubuta da harshen magina.

Sai dai ma'aunin yana da iyaka, kuma wajibi ne ɗalibi ya san ta. Na farko, More ya san ƙirƙira yake yi, har sunan tsibirinsa raha ce. Ezekiyel kuwa wahayi ya ce an nuna masa, masu sauraronsa kuma alkawari suka ɗauke shi. Idan muka kira shi yutofiya ba tare da wannan togaciya ba, mun sa masa rigar da aka ɗinka shekara 2,000 bayan zamaninsa.

Na biyu, dole a tambaya: aljannar wa ce wannan? A babi na 44 an keɓe hidimar bagadi ga zuriyar Zadok, sauran Lawiyawa aka mai da su masu tsaron ƙofa da yanka, an kuma hana baƙi marasa kaciya shiga Haikali. Firist ne ya ga wahayin, firistoci ne kuma suka hau sama a cikinsa. Gāba ce tsakanin gidajen malamai ta leƙo ta cikin mafarki.

A taƙaice, ma'aunin yutofiya ya kuɓutar da mu daga tambayar ko an gina ko ba a gina ba, ya kai mu ga tambaya mafi amfani: me ya dami marubucin a zamaninsa, wa ya ɗaukaka, wa ya bari a bakin ƙofa? Ɗalibin da ya riƙe waɗannan tambayoyi zai iya tunkarar kowane littafi da ya yi masa alkawarin ƙasa marar aibu.