Gwanin da ke Tsare Ƙofar Shafin Intanet

Idan ka buɗe shafin intanet, sau da yawa ba manhajar da ke haɗa shafin ce ke fara amsa maka ba. A gabanta akwai wata sabar, irin su Nginx ko Apache, wadda ke karɓar buƙatarka, ta miƙa ta ciki, ta dawo maka da amsa. Tsarin ya yi kama da na gidan Bahaushe: baƙo ya tsaya a zaure ya yi sallama, ɗan aike ya shiga da saƙo. Rubuta wannan tsari bai wuce layuka kaɗan ba, amma a nan ake gane wanda hannunsa ya faɗa.

Igor Sysoev ne ya fitar da Nginx a Rasha a 2004, da nufin kwamfuta ɗaya ta iya ɗaukar dubban masu ziyara a lokaci guda. Nginx ce ke sauraro a ƙofa ta 80 da ta 443. Manhajar aiki kuwa, a ce Gunicorn mai tafiyar da shirin Python, gwani yakan ɓoye ta a adireshin 127.0.0.1, ƙofa ta 8000, inda babu mai kai mata daga waje. Layi ɗaya mai suna proxy_pass ne ke haɗa su.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwani ke kiyaye amanar saƙo. Idan aka miƙa buƙata haka kawai, manhajar ciki za ta ɗauka kowa daga 127.0.0.1 ya fito, mutumin Zariya da na Yamai duk ɗaya. Don haka sai ya ƙara X-Forwarded-For domin adireshin baƙo ya isa, ya ƙara Host domin a san sunan shafin da aka nema. Ba ya mantawa da X-Forwarded-Proto, domin idan manhaja ba ta san ta amintacciyar hanya aka zo ba, tana iya yi ta mayar da mai ziyara baya, shafi ya ƙi buɗuwa. Hatta ɗan karan nan (/) na ƙarshen adireshin proxy_pass yakan tsaya ya duba, saboda sa shi ko cire shi na sauya hanyar da za a miƙa.

Lambobin matsala ma magana suke yi masa. Da ya ga 502, ya san an ƙwanƙwasa ciki ba a samu amsar kirki ba, sai ya duba ko manhajar ta mutu. Idan 504 ce, an jira har daƙiƙa 60 shiru. Idan ɗalibi ya kasa ɗora hoton takardarsa, 413 ta bayyana, gwani ya san iyakar megabait 1 da Nginx ke zuwa da ita ce ta tare shi, sai ya ɗaga ta daidai buƙata, ba ya buɗe ta warwar.

Kafin kowane gyara ya hau aiki, sai ya buga nginx -t ya tabbatar babu kuskure, sannan ya sa sabar ta sake karanta tsarin ba tare da an kashe ta ba. Mai biyan kuɗin makaranta ta shafin a daidai wannan lokaci zai kammala biyansa lafiya, kuma saboda shi ake duk wannan taka-tsantsan.