El-Kanemi Warriors da Tsarin Wasan da Zafin Borno Zai Iya Ɗauka

A gidajen kallon ƙwallo na Maiduguri, muhawara a kan tsarin wasa, wato yadda ake jera 'yan wasa goma ban da mai tsaron gida, ta koma muhawarar lambobi, inda ake ɗaukar 4-3-3 alamar wayewa, 4-4-2 kuwa tsohon yayi. Tun da Pep Guardiola ya yaɗa salon ƙulla wasa daga ragar gida, Jurgen Klopp kuma ya shahara da matsin lamba daga sama, wanda ke nufin 'yan gaba su afka wa 'yan bayan abokan karawa da zarar ƙwallo ta kuɓuce, magoya baya da masu sharhi suka shiga auna kocin gida da wannan ma'auni. Ma'aunin bai dace da ƙungiyar garin, El-Kanemi Warriors, ba, kuma tilasta mata shi zai cutar da ita.

Babbar hujja ita ce yanayi. Matsin lamba daga sama yana cin gudu mai tsanani, ana yi ana maimaitawa, kuma yana amfani ne kawai idan dukan layukan uku, na baya da na tsakiya da na gaba, suka taso tare. Da zarar ɗan tsakiya ɗaya ya gaji ya makara, sai rata ta buɗe a bayansa, ƙwallo ɗaya ta ratsa mutum biyar. Salon ya bunƙasa ne a Jamus da Ingila, inda ake wasa cikin sanyi, alhali a Maiduguri zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga shi wasannin firimiyar Najeriya galibi da ƙarfe huɗu na yamma ake fara su, kafin rana ta yi sanyi. Ga kuma nisa, domin tafiya zuwa Legas ta wuce kilomita 1,500, kuma gajiyar hanya ba ta barin jiki cikin kwana ɗaya.

Abin da ya dace shi ne layuka biyu na mutum huɗu-huɗu da ke tsayawa kusa da juna a tsakiyar fili, su toshe hanyar ciki, su kora abokan karawa zuwa gefe, sannan a ware lokutan matsi, kamar mintunan farko na kowane zagaye, maimakon a yi ta yi har ƙarshe. Dokar canza 'yan wasa biyar, wadda aka tabbatar a 2022, ta ƙara wa wannan dabara ƙarfi, tun da koci na iya ajiye masu gudu biyu na gefe har sai baƙi sun fara haki. Zafin da ke hana matsi na tsawon minti 90 shi ne kuma makamin mai gida, wanda ya saba da shi.

Tarihin ƙungiyar ma ya karkata nan. Manyan kofunanta duka na gasar sili-ɗaya-ƙwale ne, wato wadda rashin nasara sau ɗaya ke fitar da ƙungiya: kofin ƙalubale na 1991 da na 1992, sai kofin tarayya na 2024, lokacin da ta doke Abia Warriors da ci 2-0 a Legas ƙarƙashin koci Aliyu Zubairu, a kakar da ta buga a rukuni na biyu. Irin wannan gasa ta fi saka wa mai ƙarancin kuskure, ba wanda ya fi riƙe ƙwallo ba.

Akwai gaskiya a ƙorafin masu cewa wasan tsaro zalla yana dakushe basirar matasa, kuma ƙungiyar da rikicin Boko Haram ya taɓa tilasta wa buga wasanninta na gida a Kano da Katsina tana da bashin nishaɗi a wurin 'yan kallonta. Amma biyan wannan bashi yana wuyan horo na yau da kullum, inda za a koya wa ɗan tsakiya ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso, a kuma maimaita bugun kusurwa da na tazara har su zama jiki, kuma hakan yana buƙatar hukumar ƙungiyar ta bar koci ɗaya a kan aiki fiye da kaka guda.