Cuku da Shayi a Damargu: Wane Zagaye ne Abokinsa?

A Faransa haɗa cuku da giyar inabi ilimi ne da ake rubuta wa littattafai. Sun ce cukun Roquefort, na nonon tumaki mai gishiri, sai giya mai zaƙi ta Sauternes; cukun akuya na Chavignol kuwa sai ta Sancerre. Mu giya haramun ce gare mu. Amma tambayar da suke yi, wato me za a sha don ɗanɗanon cuku ya fito, mutanen Tanut da Belbeji a Damargu sun daɗe da amsa ta a gaban gawayi da butar shayi.

Cukun Damargu na matan Buzaye da Fulani ne. Nono ake samu da ɗuminsa, a zuba masa abin da aka ciro daga cikin ɗan akuya ko maraƙi mai shan nono, ya daskare. Sai a shimfiɗa shi siriri bisa 'yar tabarmar ciyawa, a tsane ruwan, a shanya. Zanen da ke jikinsa sawun ciyawar ne. Ba a sa masa gishiri, kuma nan bambancin yake: abin da Roquefort ke nema a wurin zaƙi, cukunmu ba ya buƙatarsa.

Shayi zagaye uku ne. Na farko ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku kusan ruwan sukari. Sabon cuku na damina, mai laushi da ƙanshin nono, na farko danne shi yake yi, sai ka ji kamar ba ka ci komai ba. Shi na biyu ya dace da shi. Busasshen da ya yi watanni, wanda haƙori ke shakka, shi ne abokin na farko, musamman in an ɗan gasa shi a kan garwashi har maiƙo ya tsattsafo. Ɗacin ganyen yana yanke maiƙon, cukun kuma yana kwantar da ɗacin. Cukun akuya ya fi na saniya ƙarfin ƙanshi, don haka ya fi jure shayi mai kauri. Zagaye na uku dai, a ganina, ɓarnar cuku ne, ko da yake yara ba za su yarda ba.

Sai dai shayi baƙo ne. Ganyen daga Sin yake zuwa, kuma lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya ratsa Damargu a Janairun 1851 bai zama abin shan kowa ba. Tsohon abokin cuku hatsi ne. Ayarin Buzayen Kel Owey daga Abzin Damargu suke sauka neman gero, kuma guzurin matafiyi shi ne gero da dabino da cuku a daka su tare, a dama da ruwa. Wanda ya sha wannan da safe ba ya neman abinci sai rana ta yi sanyi.

Abin da ke kashe wannan sani yau biyu ne: sukarin da ake jibgawa tun zagayen farko, da cukun madarar gari da wasu ke yi don kasuwar birni. Mai karatu, in hanya ta kai ka Tanut bayan damina, tambayi mai tallar cuku nonon wace dabba ne da kuma yaushe aka shanya shi, kafin ka tambayi kuɗi.